Yadda Nake Shirya Taron da Kowa Zai Samu Bakin Magana

Na taɓa shirya taro kan matsalolin mata masu buƙata ta musamman a hawa na biyu na wani gini da ba shi da na'urar hawa. Wata baiwar Allah mai keken guragu ta riga kowa zuwa, ta tsaya a gindin matakala har aka nemo maza huɗu suka ɗaga ta da kekenta, idon jama'a na kanta. Da lokacin jawabinta ya yi, cewa ta yi ta gaji, a wuce. Ita ce muka fi buƙatar ji a ranar, kuma ni na zaɓi ginin. Tun daga nan na canza yadda nake aiki, kuma shi nake so in faɗa miki, ke da aka damƙa wa shirya taron ƙungiyarku.

Da yawa sun ɗauka shugabancin da ke kare haƙƙin mata shi ne a ɗora mace a kujerar gaba. Na ga matan da suka riƙe taro kamar fada, daga su sai 'yan amshin shata. Ni abin da nake dubawa shi ne iko: a hannun wa yake, kuma mai riƙe da shi ta yarda ta raba? Amsar tana fitowa tun a takardar gayyata da kasafin kuɗi, kafin a buɗe taro da makonni.

Ki fara da jerin waɗanda za a gayyata, ki tambayi kanki wa ba ya ciki. Kalmar "mata" tana ɓoye mutane da yawa. A 1989 wata malamar shari'a a Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta yi nazarin ƙarar da wasu mata baƙar fata suka kai wani kamfanin motoci. Kotu ta ga kamfanin yana ɗaukar mata, yana kuma ɗaukar baƙar fata, sai ta ƙi sauraron kukansu a haɗe. Alhali matan da yake ɗauka farare ne, baƙaƙen kuma maza. Haka taronki zai iya cika da mata masu digiri da ke jin harshen masu ba da tallafi, ki yi ta murna an dama da mata, bayan babu kurma, babu 'yar gudun hijira, babu budurwar da ba ta kai ashirin da biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida yana rayuwa da wata babbar nakasa. Idan ɗakinki na mutum talatin ne ba ki ga ko ɗaya ba, to wani abu ne ya tare su a hanya.

Kada ki tsaya a gayyata kawai. Ki saka biyu ko uku daga cikinsu a kwamitin shiri, da ikon cewa a'a. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta wajabta wa gwamnatoci tuntuɓarsu kan duk abin da ya shafe su, mu da muke ikirarin aikin al'umma bai kamata mu gaza haka ba. Da ina da mai keken guragu a kwamitina, ai da ranar farko ta soke wancan gini.

Sai batun kuɗi, inda alƙawura suke mutuwa. Ki ware kuɗin mai kula da yara, da masu fassara, da kuɗin mota tun a daftarin farko, domin abin da aka bari "sai in an samu rara" ba ya samuwa. Kuɗin motar kuma a tura shi kafin taro. Tsarin nan na ki biya daga aljihunki a mayar miki bayan wata guda, masu albashi kaɗai yake yi wa daɗi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna a rahotonta na 2018 cewa mata ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya. Saboda haka ki tambayi mahalarta lokacin da ya dace da su, ki kuma tashi a lokacin da kika ce.

A cikin ɗakin, ni kan cire babban teburin manyan baƙi in jera kujeru da'ira, in bar wa keke hanya. Masu fassarar yaren kurame su zama biyu suna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30, aikin yana da gajiyarwa. Takardu a aika su da wuri a rubuce, ba hoton rubutu ba, don manhajar da ke karanta wa makafi ba ta iya karanta hoto kai tsaye.

Rabon magana shi ne ya fi wuya, kuma nan ne ake gane ki. Idan kika jefa tambaya ga ɗaki gaba ɗaya, hannayen da suka saba tashi su za su tashi. Ni nakan ce kowa ya yi shiru na minti biyu ya tattara tunaninsa, sannan a tattauna uku-uku, kafin a dawo zauren. Wadda kunya ta hana ta magana gaban mutum arba'in takan saki jiki gaban biyu, kuma da zarar ta ji muryarta sau ɗaya, ta biyun ba ta yi mata nauyi. Kowa minti biyu, har da shugaba, har da wakilin masu ba da kuɗi. Wannan na ƙarshe ki sanar da shi a keɓe tun kafin a zauna. In an katse wata, ki ce, "Bari ta ƙarasa, ranka ya daɗe, kai ne na gaba." In wani ya maimaita shawararta aka fara yi masa tafi, ki mayar da ita ga mai ita da suna. Ki lura kuma da wanda ake miƙa wa biro ya rubuta bayanin taro. Kusan kullum ƙaramar ma'aikaciya ce, kuma mai rubutu ba ta samun magana. A riƙa karɓa-karɓa.

Tun a buɗewa ki faɗi sunan mutum biyu da za a iya kai wa ƙorafin cin zarafi, kada ɗayansu ya zama shugaban kowa a wurin. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Idan batun mai nauyi ne, ku yi amfani da ƙa'idar Chatham House, wato a iya fitar da abin da aka faɗa amma ba a ambaci wanda ya faɗa ba.

Cikin mako biyu bayan taro, ki aika wa kowa abin da aka yanke, a harshen da ya yi magana da shi: shawarar da aka ɗauka, wadda aka ajiye, da dalili. Wadda ta ba da labarin rayuwarta a gaban jama'a ki biya ta daidai da ƙwararren da ya zo da kwamfuta. Sannan ki kira waɗanda aka gayyata ba su zo ba, ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye su me ya hana.