Yadda za ka bi sawun kakanka na zamanin En'e

Shekara uku na yi ina neman kakan mahaifina, mutumin da a gidanmu ba a san shi da wani suna ba sai Dogo. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Da farko ɗoki ya ɗebe ni na hau mota sai Kaduna, na dawo hannu rabbana, don ko sunansa na yanka ban sani ba. Kada ka yi irin tawa. Ka fara daga tsakar gida.

Sayi littafi mai kauri. Shafin hagu na abin da aka faɗa maka ne, da wanda ya faɗa. Shafin dama na abin da ka gani a takarda da idonka. Kada ka gwama su.

Sannan ka nemi tsofaffi, musamman mata, da ɗan goronka. Amma ka shirya wa alkunya. Da na tambayi kakata sunan surukinta, tafa hannu ta yi: “Kai, mijin nan nawa ba ka da ta ido! Ni ce zan kama sunan Baba?” Sai na zauna a bakin tabarmarta ina jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, Audu, Garba, Mamman, tana ta ɓarar gyaɗarta. Ina cewa Idi ta ja mayafi ta kau da kai. A haka na samu sunan.

Kada ka tambayi tsoho shekara, tambaye shi abin da ya auku. An haife shi kafin yunwar Kakalaba ko bayanta? Wannan 1914 ke nan. Annobar Marisuwa 1918. Wane sarki ne a Kano? Abbas daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Mutanen Haɗeja suna da 1906, shekarar da Turawa suka yaƙi garin. Kakata ta ce ta ji ana cewa Dogo ya zo daga gabas da jaki ɗaya a Kakalaba, mijinta kuma an haife shi lokacin da ake aikin layin dogo, wanda ya isa Nguru a 1930. Da waɗannan biyun na kafa turaku.

Daga nan sai adaka da gafaka. Ka roƙi a buɗe maka, a hankali, ba a gaban taron yara ba. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen takardun karatunsu. Mutanen da kuma ba sa wasa da takardar haraji, domin ita ce shaidarsu in dogari ya tare su a hanyar kasuwa, kuma ba a daina biya a Kano ba sai 1979 da Abubakar Rimi ya soke shi. A gafakar kakana na tsinci guda biyu, sun yi ja, gara ta ci gefe, an naɗe su cikin tsumma. Ɗaya tana ɗauke da sunan Idi Dogo. Ɗauki hoto da waya nan take, ka mayar wa masu ita. Ka biya gidan dagaci da na liman, su ma akwai abin da suke riƙe da shi a ka.

Sai yanzu ka isa shiga mota. A Kano akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ga kuma Arewa House. Ɗan Jigawa kada ya nemi Jigawa, ba a yi ta ba sai 1991. Ka nemi takardun Lardin Kano, waɗanda aka yi wa lamba KANOPROF. Ringim da Dutse gundumomin hakimai ne a ƙarƙashin Sarkin Kano a lokacin, Haɗeja da Gumel da Kazaure kuwa masarautu ne masu En'ensu, wato hukumominsu na gargajiya, a cikin lardin. Ka tambayi rahoton kimanta haraji na gundumarku. A ciki Di'o, wato Baturen mulki mai kula da yankin, yakan kawo tarihin gari, da dagatai, da yawan masu biyan haraji, da sana'o'i, da shanun jangali.

Gaskiya ɗaya: Bature kawuna yake ƙirgawa, bai damu da sunan talaka ba. Talaka yana shiga takarda ne in ya je gaban alƙali, ko ya yi aikin En'e, ko ya shiga soja kamar waɗanda aka kai Boma, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa littattafan alƙalai suka fi komai daraja in an dace da su, musamman shari'ar gado, inda ake jero magada da sunayensu. Da Larabci suke, ka tafi da malamin da ya saba da rubutun hannu na da. Rubutun Turawan ma sai ka yi haƙuri da shi. Haɗeja takan zama Hadeija, Muhammadu ya zama Momadu. Karanta a fili, kunne zai gane abin da ido ya kasa.

Ka kuma daure wa abin da za ka gani. Kowane gida yana son a ce daga sarauta ya fito, alhali a littattafan nan akwai shari'un bayi masu fansar kansu, don ba a hana bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. In ka ci karo da irin wannan, ka yi shawara da manya kafin ka watsa a WhatsApp na dangi.

Mu a gidanmu an daɗe ana cewa Dogo ya yi dagaci. Na bi jerin dagatan garinmu tun daga zamanin Abbas, babu Idi ko ɗaya. Baƙo ne da ya zo da jaki, ya samu gona, ya biya harajinsa. Da na kai wa kawu labari, ya daɗe yana kallon hoton takardar, sannan ya ce Baturen ne ya yi kuskure. Na rubuta maganarsa a shafin hagu.