Darasi na 9: Gatari mai girgiɗi

Daga Disamba zuwa Afrilu, a Marwa da Garwa na arewacin Kamaru, iskar hunturu da zafin bazara kan busar da itace ƙayau. Ƙota ta tsuke, ruwan gatari ya fara girgiɗi. Kada ka ce bari in ƙarasa faskaren nan tukuna. Ƙarfe in ya fita daga ƙota ba ya zaɓen inda zai faɗa, ga yara kuma a tsakar gida.

Mutane da yawa kan tsoma gatarin a ruwa ya kwana. Da safe ya kama kam, domin itacen ya kumbura. Amma da ya sake bushewa, girgiɗin sai ya fi na da. Ni dai ban yarda da wannan dabara ba.

Dubi irin gatarinka. Na maƙeranmu yana da wutsiya mai tsini wadda ke shiga kan ƙota. Zare ƙarfen ka leƙa ramin. In faɗi kawai ya yi, fere siririn busasshen itace mai tauri, aduwa ko marke, ka sa a gefen wutsiyar, ka mai da ƙarfen. Sari kututture a hankali sau 3 ko 4. Kowane sara yana ƙara tura wutsiyar ciki, shi ya sa kan ƙota ke tsagewa in an yi da ƙarfi. Sai ka jiƙa tsirin ɗanyar fata, ka naɗe kan ƙotar tam. Tana bushewa tana matsewa.

In ka ga tsaga ko ɓarnar gara, ƙotar ta gama aiki. Nemi sabuwa busasshiya, mai ƙulli a kai, domin ƙulli ba ya saurin tsagewa. Maƙeri zai gasa wutsiyar ta yi ja, ya huda da ita daidai kaurinta.

Gatarin kanti kuwa ƙota ce ke shiga idon ƙarfe. Zare ƙarfen, ka tsaga kan ƙotar da zarto, ka mai da shi. Tsai da gatarin, ƙarfe a sama, ka buga gindin ƙotar a kan dutse har ƙarfen ya zauna. Kafa ɗan itace mai fiƙaƙƙen baki a tsagar da guduma, ka yanke rarar. Ban da ƙusa, fasa itace take yi. Shafa man kaɗe a wurin, ka riƙa ajiye gatarin a inuwa.

Aiki: rubuta ƙota, ƙarfe, ƙulli a littafinka, ka lura da lanƙwasar ƙ. Gobe kowa ya zo da gatarin gidansu.