Yadda Nake Nuna wa Ɗalibaina Rabuwar Ƙwayar Halitta

Albasa nake sayowa a kasuwar Farin Gada, in ɗora ta a bakin kofin ruwa. Da sanyin Jos, sai ka yi haƙurin 'yan kwanaki kafin saiwa ta tsiro. Yanki tsinin saiwar, nan rabuwar take. Tausasa shi da asid mai rauni, ɗiga rini, danne da gilashi a hankali. Ni kam na fasa gilashi ba adadi.

A madubin ƙara girma yawancin ƙwayoyin shiru za ka gan su, ashe girma suke suna kwafin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Nemi wadda kuromosom ɗinta 16, wato dunƙulen DNA, suka yi sahu a tsakiya kamar masallata. Daga nan kowanne ya tsage biyu, zaruruwa su ja rabi gabas rabi yamma, bango ya tashi tsakani, ɗaya ta koma biyu.