Yadda Magidanci Zai Koma Jami'a Ya Karanci Injiniya a Bauchi

JAMB ta sa shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, amma ba ta sa iyaka a sama ba. Ɗan shekara 35 na da damar neman gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) kamar kowa. Abin da ke kayar da manya shi ne takardu, da lissafi, da kuɗin cefanen gida.

Fara da sakamakon sakandare. Ana son kiredit biyar a zaman da bai wuce biyu ba: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri, da wani darasin kimiyya. In akwai giɓi, rubuta NECO ta 'yan waje da ake yi wajen Nuwamba da Disamba, ko WAEC ta masu zaman kansu. Sannan ajiye satifiket ɗinka gefen takardar NIN ka duba harafi bayan harafi. In nan an rubuta Muhammad can kuma Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, gyara a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tun kafin rajistar JAMB, domin abin da ke kan NIN shi JAMB ke ɗauka.

Daga nan zaɓi ƙofar shiga. Mai sakandare kaɗai zai rubuta UTME, wato jarrabawar JAMB, a Turanci, Lissafi, Fizis da Kemistiri, ya fara daga aji ɗaya, shekara biyar ke nan. Mai difilomar ND ta injiniya, daga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji ko ta Tatari Ali, fom ɗin DE, na shiga kai tsaye ba tare da UTME ba, zai saya ya shiga aji biyu, galibi in sakamakonsa ya kai matakin Upper Credit. Mai babbar difiloma ta HND kan samu aji uku. Sharaɗi shi ne fanni ya dace. Difilomar akanta ba za ta kai ka sashen lantarki ba. Nemi tiranskirif, wato cikakken sakamakonka na kwaleji, da wuri, kwaleji ce ke aika shi jami'a, kuma jinkirinsa kaɗai kan cinye wa mutum shekara.

Wajen rajista, tura kalmar NIN da lambobinka 11 zuwa 55019 daga layin da yake naka. Kada ka ari layin mai shago, duk saƙon JAMB ta nan zai riƙa zuwa. In gurbi ya fito, sai ka amsa shi a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, kafin ya zama naka.

Kafin ka biya ko sisi, tabbatar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, da NUC, hukumar kula da jami'o'i, sun amince da kwas ɗin. Digirin da COREN ba ta tantance ba zai ba ka wahala ranar neman rajistar injiniya.

Sai lissafi, kuma a nan ya kamata ka zauna. Wanda ya yi shekara goma bai taɓa aljabara ba, aji biyu zai zo masa da zafi, don malami ba zai koma baya saboda shi ba. Ware awa biyu kullum bayan asuba, wata shida kafin a buɗe makaranta: aljabara, tirigonometiri, sannan kalkulas. Da biro da takarda ake warware tambaya. Kallon bidiyo a waya kan sa mutum ya zaci ya gane. Kuma ka shiga rukunin karatu na yaran ajinku, ko da sa'o'in ƙannenka ne.

Karatun na cikakken lokaci ne, lakca da safe, ɗakin gwaji da bita da rana. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi izinin ƙaro ilimi a rubuce kafin ya bar ofis. Mai gareji ko shago ya horar da wanda zai riƙe masa, ya kuma zauna da iyalinsa a yi lissafin abinci da haya da kuɗin makarantar yara. Akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024.

A aji huɗu akwai SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, na wata shida. Nemi inda za a ba ka aiki a hannu, kamar kamfanin siminti na Ashaka ko tashar ruwa ta Gubi, ka riƙa cike littafin aiki kowace rana.

Wanda ya haura shekara 30 ranar kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa NYSC ke ba shi. Ka karɓe ta ka adana, ma'aikatu na tambayarta. Rajistar COREN kuwa sai bayan shekara huɗu na aiki a ƙarƙashin injiniya mai rajista.