Yadda Ake Gina Gangaren Da Keken Guragu Zai Iya Hawa

Matakala uku a bakin ƙofa sun isa su hana mai keken guragu shiga makaranta ko asibiti. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a.

A fara da auna tsayin dandamali daga ƙasa. Ƙa'idar ita ce 1 zuwa 12: kowace santimita 1 ta tsayi na buƙatar santimita 12 ta tsawon gangare. Dandamali mai santimita 45 ke nan yana son mita 5.4. Nan magina suka fi kuskure. Don tsimin siminti sai su taƙaita gangaren ya miƙe tsaye, mai hawa ya gaji a tsakiya, keken ya koma da baya ko ya kife. Idan fili ya yi kaɗan, a lanƙwasa gangaren gida biyu, kada a matse shi.

Faɗi kada ya gaza santimita 90, amma 120 ya fi. Bayan kowace mita 9 a bar shimfiɗaɗɗen wuri mai mita 1.5 don hutawa. Haka ma gaban ƙofa, in ba haka ba mutum na kokawar buɗewa keke na zamewa.

A sa ƙarfen riƙewa gefe biyu, tsayinsa kusan santimita 90, da ɗan tudu a baki don kada taya ta zame waje. Ban da tayil mai santsi. A ja tsintsiya kan siminti tun yana ɗanye. Kafin a sallami magini, mai keken ya gwada hawa da kansa, ba mai tura shi.