Furfura Ta Fito: Kurakuran da Mata Suka Fi Yi Wajen Rina Ta ko Barin Ta

A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin da ke zuba masa launi. Idan suka rage aiki, silin sai ya tsiro fari, furfura ke nan. Ga baƙar fata, yawanci takan fara bayyana ne a tsakiyar shekaru 40, kuma gado ne ya fi yanke lokacin fitowarta. Rina ta ba aibu ba ne, barin ta ma ado ne. Abin da ke cinye gashin mace shi ne ta faɗa ɗaya hanyar ba shiri, daga baya ta yi tsalle zuwa ɗayar da gaggawa, tana ɗora wani sinadari a kan wani.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a taɓa kai. Mace 'yar shekara 26 ta ga fari ya bazu a goshinta, sai ta nufi kasuwa neman rini. Asibiti ya kamata ta fara zuwa. Furfurar da ta zo wa baƙar fata kafin shekara 30 an ɗauke ta a matsayin ta wuri, kuma bayan gado, ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo suna cikin abubuwan da ke kawo ta. Idan farin ya taru ne wuri guda, fatar ƙarƙashinsa ma ta yi fari, wannan aikin likitan fata ne. Gwajin jini zai nuna ko akwai abin gyarawa, rini kuwa rufe alamar kawai yake yi.

Sai cirewa. Maganar da ake yi cewa in kin tuge sili ɗaya goma za su fito ba gaskiya ba ce, domin kowane rami sili ɗaya yake fitarwa. Amma wanda zai sake tsirowa fari ne dai, gajere, a miƙe, ya fi na da fitowa fili. In aka yi ta tugewa, ramin yakan mutu, gaban goshi ya yi sanƙo. Hadisi ma ya hana cire furfura. Idan sili biyu ko uku ne suka dame ki, sa almakashi ki datse su daga ƙasa.

Dayis ɗin zanen hannu ba na kai ba ne

Shafa dayis a kai shi ne kuskuren da ya fi kowanne haɗari, kuma ya fi yawa a gidajenmu saboda arha. Lallen gaskiya ba ya yin baƙi, ja yake bayarwa. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ake kwaɓawa da haidurojin a yi zanen fulawa, sinadarin PPD ne ke sa shi baƙi cikin mintuna. Wannan sinadarin yana cikin yawancin rinin gashi na kwali ma, sai dai a can an auna shi: dokar Tarayyar Turai ta tsayar da shi a kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin. Wanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda ko kwalba marar rubutu, babu wanda ya auna ƙarfinsa.

Yadda cutarwarsa take zuwa shi ne ke yaudarar mutane. Karon farko, na biyu, har na goma, mai yiwuwa ba abin da zai faru. Jiki yana ta haddace sinadarin ne. Ranar da ya ƙi shi, bayan kwana 1 zuwa 3 da shafawa, kai zai hau ƙaiƙayi, kunnuwa da ƙeya su yi ƙuraje masu ruwa, fatar ido ta kumbura har ido ya rufe. Daga ranar kuwa, jikin ba ya sake yarda da PPD har ƙarshen rai. Shi ya sa macen da zanen dayis ya taɓa tasar mata a hannu, ko da shekara 15 da suka wuce ne lokacin bikinta, bai kamata ta sa rinin kwali mai PPD a kanta ba sam. Idan kumburi ya kai leɓe ko harshe, ko numfashi ya fara wuya, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya shafa man shanu ko jiran gari ya waye. A kuma ɓoye dayis inda yara ba za su kai ba, domin shan sa yana kisa. Asibitocin Sudan sun daɗe suna fama da wannan gubar.

Gwajin fata shi ne kariya, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ki bi yadda takardar cikin kwalin ta faɗa: ɗan ɗigo a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu, sannan ki jira awa 48 cif. Ja, ƙaiƙayi ko kumburi, ko kaɗan ne, to rinin nan ba naki ba ne. Kowane karo ake yi, ko da irin kwalin da kika saba saye ne. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Rinin gashin kai kuma ba a kai shi gira ko gashin ido.

Rinin kwali

Mata da yawa suna zaɓar baƙi wuluk don su koma yadda suke a da. Baƙi ƙirin yana ƙara fito da layukan fuska, kuma da zarar saiwa ta tsiro, farin layi ke nan a tsagar kitso kowa na gani. Shi ne kuma mafi wuyar fita in kin canza ra'ayi. Ruwan ƙasa mai duhu yana rufe furfura, a kan gashinmu kuma ba mai bambance shi da baƙi sai a cikin rana. Akwai kuma ɓangaren addini: a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da haramtawa ba, lalle da katam (wani ganye da ake rina gashi da shi) kuwa babu laifi. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa saboda hadisin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda aka ce a canza farin gashinsa amma a nisanci baƙi.

Ruwan haidurojin da ake haɗa rinin da shi yana da ƙarfi hawa-hawa. Mai lamba 10 kashi 3 ne cikin 100, mai lamba 20 kashi 6, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Don rufe furfura, mai lamba 20 ake so. Wasu masu gyaran gashi suna ɗauko 30 ko 40 wai don ya fi kamawa, alhali aikin waɗannan kwashe launi ne, ba zuba shi ba. Gashi ya bushe, furfurar kuma ta fito fayau ba ta rufu ba. A kwaɓa a roba ko tangaran, ban da kwanon ƙarfe, a sa safar hannu, a shafa basilin a gefen goshi da kunnuwa. Abin da ya rage a zubar, ba ya ajiyuwa.

Furfura tana da taurin kai wajen shan rini, don haka daga inda ta fi yawa ake farawa, wato goshi da gefen kunne, ba ƙeya ba. Lokacin da aka rubuta, galibi minti 30 zuwa 45, shi za a cika. Wankewa da wuri yana barin farin ya koma ruwan toka, wuce lokaci kuma fatar kai yake ci, ba ya ƙara duhu. Kada a yi rini ranar da aka tsefe kitso aka sosa kai da tsinke ko mataji, domin duk inda fata ta ƙuje nan sinadarin zai shiga. A bari kwana 2 ko 3.

Ga inda gashi ke karyewa. Gashi yana tsirowa kusan santimita 1 a wata, saboda haka bayan sati 4 zuwa 6 saiwa za ta nuna. Wannan sabon tsiron kaɗai ake rinawa. Mai shafa rini daga saiwa har jela kowane wata, a shekara ta dafa jelar gashinta sau 12, sai ta ga yana zuba a mataji gutsi-gutsi. Haka nan haɗa rilaksa da rini mai haidurojin a rana ɗaya. Rilaksa ake fara yi, a jira aƙalla sati 2, a yi stimin a tsakani, sannan rini. Mai gashin da ya riga ya yi laushi yana tsinkewa, ta zaɓi ɗaya cikin biyun, ba zai ɗauki duka ba.

Lalle da baba

Lalle zalla a kan baƙin gashi ɗan ja kawai yake bari. A kan farin sili kuwa, launin goro yake fitarwa mai haske. Wadda furfurarta ta kai rabin kai ta kan tsorata in ta duba madubi, ta ruga ta ɗora dayis a kai. Kada ki yi haka. Launin lalle yana ƙara nuna cikin kwana 2 zuwa 3, kuma shafawa ta biyu tana ƙara masa duhu.

Gram 100 na garin lalle ya ishi gajeren gashi, mai kaiwa kafaɗa ko mai cika sosai kuwa gram 200. A tankaɗe shi da kyau, don lallen da ba a tankaɗe ba yana maƙalewa a gashinmu ya ƙi fita. A kwaɓa da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, da cokali 1 ko 2 na ruwan lemun tsami. Zuba lemun tsami da yawa shi ke sa gashi ya bushe. A rufe kwaɓin ya tsima: lokacin zafi awa 3 zuwa 4 ta isa, da hunturu a bar shi ya kwana. A shafa a wankakken gashi marar mai, domin mai yana hana shi kamawa, a ɗaure da leda awa 2 zuwa 4.

Mai son ruwan ƙasa ko duhu sai ta haɗa da garin ganyen baba. Ƙa'idarsa kishiyar ta lalle ce: ruwa zalla, babu tsami, kuma ana kwaɓawa ana shafawa cikin minti 15 zuwa 20, in ya daɗe ƙarfinsa ya tafi. In aka gauraya shi da tsimammen lalle rabi da rabi, ruwan ƙasa ake samu. In aka yi lalle aka wanke, sannan aka bi da baba shi kaɗai na awa 1 zuwa 2, sai ya kusa baƙi. Baba shi kaɗai a kan furfura ba tare da lalle a ƙasa ba, shuɗi-kore yake bayarwa. Garin ganye ake nufi, ba ruwan marina ba, wanda aka haɗa da toka da kanwa don tufafi.

Lalle ba ya fita, sai dai gashi ya tsiro a yanke. Wasu garin lallen na fakiti kuma an cakuɗa su da gishirin ƙarfe ko PPD, in haidurojin ya hau kansu gashi yakan yi zafi, ya canza launi, ya tsinke. Kafin ki ɗora rinin kwali a kan gashin da ya sha lalle, tara gashin da ya fita a mataji, ki gwada a kansa tukuna. Alwala da wanka kuwa ba su da matsala da launin lalle, muddin an wanke kwaɓin ya fita tas.

In kin yanke shawarar bari

Babban kuskure a nan shi ne neman a kwashe tsohon rini da bilicin a zama ɗaya don kai ya yi fari gaba ɗaya. Baƙin rini ba ya komawa fari, ja-ja yake komawa, gashin da ya sha baba kuma yakan koma kore. Gashin da aka taɓa yi wa rilaksa ba ya jure wannan aikin. Hanyar da ba ta cutarwa ita ce haƙuri da almakashi: gashi yana tsirowa santimita 10 zuwa 12 a shekara, ana datse jela kaɗan-kaɗan duk wata 2 ko 3. Wata na 3 zuwa na 6 ne masu wuya, lokacin da layin ya fito sosai, a nan ne da yawa suke karaya su koma rini. Mu kam ɗankwali da kitso sun sauƙaƙa mana. Ƙananan kitso suna gauraya fari da baƙi har layin ya ɓace. Sai dai a gaya wa mai kitso ta sassauta hannu a goshi, don nan furfura ta fi yawa, nan ne kuma gashi ya fi saurin tugewa.

Barin rini ba barin gyara ba ne. Da shekaru, fatar kai tana rage fitar da mai, shi ya sa furfura take bushewa ta yi tsaye. Tana son ruwa kafin mai: a yayyafa ruwa, sannan a bi da man kaɗe ko man kwakwa kaɗan, a yi stimin duk sati 2. Farin gashi kuma yana ɗaukar launin duk abin da ya taɓa shi. Hayaƙin itace, turaren wuta da ake turara kai da shi, mai mai launi, da zafin ƙarfen miƙar da gashi, duk suna mayar da shi rawaya. Man wanke gashi mai launin shuɗi-ja da ake yi don furfura yana kashe rawayar: sau ɗaya a sati ko sati 2, minti 3 zuwa 5, a wanke. In aka bar shi ya wuce haka, ko aka mayar da shi na kullum, gashin zai ɗauki shuɗin ya kuma ƙara bushewa, sai a koma man wanki na yau da kullum har launin ya saki.