Yadda Ake Haɗa Fedar Jita Mai Gurnani a Gida

Fedar jita ƙaramin akwati ce da makaɗin jitar lantarki yake ajiyewa a ƙasa tsakanin jitarsa da amfilifaya, yana taka makunninta da ƙafa duk lokacin da yake son sauya yanayin sautin da ke fita. Wanda ya taɓa sauraron makaɗan jita na yankin Agadez, musamman Mdou Moctar wanda ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya san gurnanin nan mai kaushi da ke cika kunne, kuma irin waɗannan akwatuna suna da hannu wajen samar da shi. Abin farin ciki shi ne ɗaya daga cikin mafiya shahara a cikinsu ba ta fi ƙarfin mai koyo ba.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya haɗa samfurin Fuzz Face, wadda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, makaɗin jita ɗan Amurka Jimi Hendrix kuma ya ɗaukaka sunanta. Kayan cikinta tara ne kacal, wato taransista 2 (masu ƙara ƙarfin sauti), rezista 4 (masu rage gudun wuta) da kafasita 3 (masu riƙe wuta na ɗan lokaci), sai maɓallan murɗawa guda 2, ɗaya na ƙarfin gurnani ɗaya na ƙarfin murya. Rezistocin, da ake aunawa da om (k na nufin om dubu), su ne 33k, 8.2k, 100k da om 470, kafasitocin kuma 2.2uF, 22uF da 0.01uF, maɓallan 1k (na gurnani) da 500k (na murya). Za a buƙaci batir mai bolt 9, soket 2 na wayar jita, makunnin ƙafa mai ƙafafu 9 da ake kira 3PDT, da akwatin alminiyam. Yawancin ƙananan kayan nan ana samunsu wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, wasu ma ana ciro su daga tsofaffin rediyoyi. Makunnin ƙafa ne kaɗai yakan yi wuya.

A batun taransista ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai. Fedojin farko da taransistar jameniyam aka yi su, irin NKT275, kuma har yau masoya suna biyan kuɗi mai yawa don samun irinta. Sai dai jameniyam ba ya jure zafi: da zarar yanayi ya ɗumama, wutar da ke yoyo a cikinsa sai ta ƙaru, ma'aunin aikinsa ya karkace, fedar da ta yi daɗi da asuba ta koma shaƙewa da azahar. Ga wanda ke zaune a Kano, Sakkwato ko Agadez, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan babbar matsala ce, don haka na fi ganin a yi amfani da silikon irin BC108 ko BC109, wanda shi kansa kamfanin ya koma kansa daga baya. Yana da arha, zafi bai dame shi ba, kuma da yake nau'in NPN ne, ɓangaren ragi na batir shi ne ƙasa, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, kamar yadda yake a sauran fedojin zamani.

Kada a taɓa ƙarfen liƙi tukuna. A fara jera kayan a kan allon gwaji mai ramuka, inda ake cusa ƙafafu a zare su ba tare da dalma ba. Taransista tana da ƙafafu uku da ake kira bes, emita da kolekta. Sautin jita yana shiga ta kafasita 2.2uF zuwa bes na taransista ta farko, wadda emitarta ke tafiya ƙasa, kolektarta kuma tana karɓar wuta ta rezista 33k, sannan ta haɗe kai tsaye da bes na ta biyu. Emitar ta biyu tana sauka ƙasa ta maɓallin 1k, ƙafar tsakiyar maɓallin kuma ta bi ta kafasita 22uF zuwa ƙasa. Daga wannan emita ne rezista 100k ke komawa bes na ta farko. Kolektar ta biyu tana bi ta 8.2k sannan om 470 kafin ta kai ga wutar batir, kuma daga mahaɗar waɗannan rezistoci biyu ake ɗaukar sauti ta kafasita 0.01uF zuwa maɓallin 500k. Manyan kafasitoci biyun suna da gaba da baya, ƙafar ƙari ta 2.2uF tana duban bes, ta 22uF kuma tana duban maɓalli. Haka nan a tabbatar da jerin ƙafafun taransista a takardar bayaninta, domin ba duka suke bin tsari ɗaya ba.

Yanzu a ɗauko mita a auna wutar da ke kolektar taransista ta biyu. Abin da ake nema shi ne kusan bolt 4.5, rabin ƙarfin batir, domin a nan sauti ke samun sararin hawa da sauka daidai kafin a datse kansa, kuma wannan datsewar ce ke haifar da gurnanin. Idan awon ya yi nisa da haka, sauti zai riƙa yankewa ko ya fito siriri. Maganinsa shi ne a cire rezista 8.2k a sa ƙaramar rezista mai juyawa ta 20k, a riƙa juya ta a hankali ana kallon mita ana kuma kaɗa jita, har kunne da mita su yarda da juna. Wannan awo guda ya fi tasiri a kan sautin feda fiye da tsadar kowane kaya da aka saya. Idan kuma aka ji fito ko muryar gidan rediyo tana kutsowa, abin da silikon ya saba yi saboda ƙarfinsa, a ɗaura kafasita ta 100pF tsakanin bes da kolektar ta biyu.

Sai bayan sautin ya gamsar za a mayar da kayan kan allon liƙi. Ƙarfe mai wat 25 zuwa 40 ya wadatar, da dalma mai kuza kashi 60 cikin 100. A ɗora bakin ƙarfen a kan ƙafar kaya da tagullar allo a lokaci guda, a jira daƙiƙa 2, sannan a kawo dalma ta narke a kan mahaɗar, ba a kan ƙarfen ba. Liƙi mai kyau yana sheƙi yana kuma rungume ƙafar, wanda ya dunƙule ya yi duhu kuwa a sake shi nan take, domin shi ne tushen yawancin fedojin da suka ƙi tashi. A yi aikin inda iska ke shiga, a wanke hannu kafin cin abinci saboda gubar dalma.

Akwatin ya zama na ƙarfe ko alminiyam, a kuma haɗa jikinsa da wayar ƙasa, domin shi ke tare ƙugin wutar gida. A huda ramukan kafin a sa komai a ciki, a gajarta wayoyi, a nesanta wayar shiga daga ta fita. Idan aka sa soket mai ƙafa 3 a wajen shiga aka bi da wayar ragi ta batir ta cikinsa, zare wayar jita zai kashe fedar, batir ɗaya kuma ya daɗe ƙwarai tun da wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Idan aka rufe akwati aka ji shiru, a fara duba batir da wayoyin makunni, sannan a sake auna kolekta.

Wurin amfani, a sa wannan feda farko daga jita kafin kowace feda, domin an tsara ta ne ta yi hulɗa kai tsaye da maganaɗisun jitar. A buɗe maɓallin gurnani kusan ƙarshe, sannan a riƙa sarrafa kaushin da maɓallin muryar da ke jikin jita: idan aka rage shi kaɗan sauti zai washe ya dace da rakiyar waƙa, idan aka buɗe shi duka gurnanin ya dawo da ƙarfinsa.